Darar yaƙi: Yadda ake auna sojojin Larabawa a kan taswirar kwali

Da misalin ƙarfe biyu na ranar 6 ga watan Oktoban 1973, wadda ta zo daidai da 10 ga Ramadan, sojojin Masar suka fara tsallaka mashigin ruwan Suez, yayin da na Siriya suka auka wa Tuddan Golan.

A daidai wannan lokaci wani kamfani da ke birnin New York mai suna SPI yana dab da kammala wani wasan dara mai suna Sinai, wanda aka tsara a kan yaƙe-yaƙen Larabawa da Isra'ila na 1956 da 1967. Ɓarkewar sabon yaƙin ta sa sai da aka ƙara masa babi na uku kafin ya shiga kasuwa.

Tun daga wancan lokaci masu tsara irin waɗannan wasanni suke fama da wata tambaya wadda ta raba kan masana tarihin soja su ma: wace lamba ya kamata a rubuta a jikin ɗan kwalin da ke wakiltar bataliyar Masar ko ta Siriya, kuma a ina ya kamata a ajiye laifin shan kashin da suka yi, a kan soja ko a kan masu ba shi umarni?

Mece ce darar yaƙi?

Asalin wannan wasa daga barikin soja yake. A shekarar 1824 wani matashin hafsa a ƙasar Purushiya, wadda daga baya ta zama ɓangare na Jamus, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyan hafsoshin ƙasarsa wani wasa da ya gyara daga wanda mahaifinsa ya ƙirƙira. Ana yin sa a kan taswira ta gaske, da ƙananan gutsattsarin ƙarfe a madadin rundunoni. Rundunar ƙasar ta karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi, kuma bayan da Purushiya ta doke Faransa a 1871 wasu ƙasashen suka kwaikwaya.

Wanda ya kawo shi kasuwa ga farar hula shi ne wani Ba'amurke mai suna Charles Roberts, wanda ya fitar da wasan Tactics a 1954, sannan ya kafa kamfanin Avalon Hill a birnin Baltimore. Kamfanin SPI, ƙarƙashin James Dunnigan, ya biyo baya a 1969.

Ba kamar dara ko shaɗaranji ba, inda ɓangarorin biyu ke farawa da ƙarfi ɗaya, a nan ana ƙoƙarin maimaita wani yaƙi ne da ya auku, da duk rashin daidaiton da ke cikinsa. Ana rarraba taswirar fagen fama zuwa ƙananan gidaje masu kusurwa shida. Kowane ɗan dara, wato ɗan guntun kwali, yana wakiltar wani rukunin soja da aka sani a tarihi, kuma a jikinsa akwai lambobi: ƙarfin kai farmaki, ƙarfin kare kai, da nisan da zai iya tafiya.

Idan rukuni mai ƙarfi 12 ya kai wa mai ƙarfi 4 farmaki, an sami uku bisa ɗaya ke nan. Sai a jefa ɗan lido, a duba wani jadawali da zai faɗi sakamakon: ko mai karewa ya ja da baya, ko a murƙushe shi, ko kuma farmakin ya ci tura. Ba a sa kuɗi a wasan. Amfanin ɗan lidon shi ne ya wakilci abubuwan da babu kwamandan da ke da iko a kansu, irin su ƙura, da ɓatan hanya, da saƙon da bai isa ba.

Inda gizo ke saƙar

Kaurin sulken tanka da nisan da harsashinta ke kaiwa abubuwa ne da ake iya aunawa. Idan da a kansu kaɗai za a tsaya, to da Larabawa za su riƙa lashe wasan 1967 kusan a kowane zama, domin Masar da Siriya da Jodan sun fi Isra'ila yawan tankoki da jiragen yaƙi da manyan bindigogi, kuma makaman da Tarayyar Sobiyet ta ba Masar da Siriya ba na yarwa ba ne.

Amma cikin kwanaki shida Isra'ila ta kama Sinai, da Zirin Gaza, da Gaɓar Yamma da Kogin Jodan har da gabashin Birnin Ƙudus, da kuma Tuddan Golan. Saboda haka dole mai tsara wasa ya saka wani abu a cikin dokokinsa da zai sa a iya samun wannan sakamako. Abin da ya zaɓa ya saka, shi ne ra'ayinsa a kan tarihi, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rage lambar ɗan kwalin Larabawa, a ƙara ta Isra'ila, ko da kuwa yawan mutane da makaman rukunonin biyu ɗaya ne. Wasannin farko da dama haka suka yi. Ɗan wasa zai ga birged ɗin Isra'ila ya fi takwaransa na Masar ƙarfi nesa ba kusa ba, ba tare da an gaya masa dalili ba.

Hanya ta biyu ita ce a ware wata lamba ta musamman domin ƙwarin gwiwa. Wasan The Arab-Israeli Wars, wanda Avalon Hill ya fitar a 1977, ya bi wannan hanya. Wasa ne na ƙananan rukunoni, inda kowane gida a taswira yake daidai da mita 250, kowane zagaye kuma minti shida. A kowace fafatawa ana bai wa kowane ɓangare matakin ƙwarin gwiwa, wanda shi ke nuna saurin da rukunin da wuta ta tarwatsa zai sake haɗa kansa ya koma faɗa. Galibi Isra'ila ce ke saman matakin.

Wannan ya fi na farko ma'ana, domin ya bar tankar T-55 da ƙarfinta na gaskiya. Sai dai kalmar ƙwarin gwiwa tana iya sa mai wasa ya ɗauka cewa tsoro ne matsalar sojan Larabawa, alhali bayanan yaƙin ba su nuna haka ba. Hafsoshin Isra'ila da kansu sun ba da shaidar yadda sojojin Jodan suka yi tsayin daka a tudun da ake kira Tudun Harsasai a Birnin Ƙudus a 1967, da yadda sojojin ƙasa na Masar suka riƙe ramukansu a Gonar Sinawa a 1973 har aka yi asarar rayuka masu yawa a ɓangarorin biyu.

Lissafin Kanar Dupuy

Mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin mayar da wannan bambanci zuwa alƙaluma shi ne Trevor Dupuy, wani kanar na sojan Amurka mai ritaya, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu a Burma. Ya tattara bayanan fafatawa masu yawa, ya lissafa makamai, da yanayin ƙasa, da mamaya, da taimakon jiragen sama, sannan ya kwatanta abin da lissafi ya ce ya kamata ya faru da abin da ya faru a zahiri. Ratar da ta rage tsakanin biyun ita ya kira ƙimar ƙwarewar yaƙi.

A littattafansa biyu, Elusive Victory na 1978 da Numbers, Predictions and War na 1979, ya nuna cewa rukunin Isra'ila yana yin aikin kusan ninki biyu na takwaransa na Masar. Ratar ta fi ƙanƙanta tsakanin Isra'ila da Jodan, ta fi faɗi tsakaninta da Siriya da Iraki. Wani abin mamaki a lissafinsa shi ne ratar da ke tsakanin Isra'ila da Masar a fagen fama ba ta ragu ba a 1973. Abin da ya inganta shi ne tsari da shugabanci a sama.

Dupuy bai taƙaita wannan ma'auni ga Larabawa ba. Da shi ya auna yaƙin duniya na biyu, inda ya ce sojojin Jamus sun fi na Amurka da Birtaniya ƙwarewa da kimanin kashi 20 cikin ɗari, abin da bai yi wa 'yan ƙasarsa daɗi ba. Ya kuma zauna da hafsoshin Larabawa da na Isra'ila duka kafin ya rubuta littafinsa.

Alƙalumansa sun yi wa masu tsara wasanni daɗi, tun da lamba suke nema. Matsalar ita ce lambar Dupuy ragowar lissafi ce: tana nuna akwai rata, ba ta faɗin abin da ya haifar da ita. Da zarar an buga ta a jikin kwali, sai ta zama tamkar halitta ce da sojan ya zo da ita duniya.

Jarrabawar Oktoba

Duk wasan da ke son a ɗauke shi da muhimmanci, yaƙin 1973 ne ke tona asirinsa, domin runduna ɗaya ce ta nuna fuska biyu cikin kwanaki goma.

A kwanakin farko Masar ta yi abin da masana soja da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Injiniyoyinta sun fasa katangar yashi ta layin Bar-Lev da famfunan feshin ruwa masu ƙarfi, dabarar da wani hafsa mai suna Baki Zaki Yusuf ya kawo. Kafin a cika kwana guda sojoji kimanin 90,000 da tankoki fiye da 800 sun tsallaka, kuma babban hafsan hafsoshin ƙasar, Janar Sa'ad al-Shazli, ya ce waɗanda aka kashe a tsallakawar ba su kai 300 ba.

Sojojin ƙasa ɗauke da makamai masu linzami samfurin Sagger da rokokin RPG-7 sun ragargaza tankokin da suka zo taimakon layin, har rundunar Janar Mandler ta rasa kimanin kashi biyu cikin uku na tankokinta a cikin kwana ɗaya. Babban martanin da Isra'ila ta mayar ranar 8 ga wata ya watse, aka kama kwamandan wata bataliya, Asaf Yaguri, da ransa.

Ranar 14 ga wata kuwa labari ya sha bamban. Shugaba Anwar Sadat ya ba da umarnin a nausa gabas domin a rage wa Siriya matsin lamba, duk da cewa Shazli da kwamandojin rundunonin biyu da ke fage ba su yarda ba. Tankokin Masar suka fita daga inuwar makaman kakkaɓo jiragen sama da ke kare su, suka tunkari tankokin Isra'ila da ke jiransu a ɓoye. A yini guda Masar ta rasa tankoki kimanin 250.

A daren 15 ga wata dakarun Ariel Sharon suka ratsa ta tsakanin Runduna ta Biyu da ta Uku, suka tsallaka zuwa yammacin mashigin a Deversoir. Rahotannin da suka riƙa isa Alƙahira sun nuna wai 'yan tankoki ne ƙalilan suka kutsa, saboda haka aka yi jinkirin ɗaukar mataki har abin ya fi ƙarfin gyara. Kafin a tsagaita wuta an yi wa Runduna ta Uku ƙawanya.

Yanzu a duba halin da mai tsara wasa yake ciki. Idan ya bai wa Masar ƙaramar lamba, ba za ta taɓa iya maimaita 6 da 8 ga Oktoba ba. Idan ya ba ta babba, ɗan wasa mai wayo zai kai mashigin Mitla da na Gidi a makon farko, kuma 14 ga wata ba za ta faru ba.

Wasannin da suka fito jim kaɗan bayan yaƙin, irin su Bar-Lev na John Hill a 1974, da Chinese Farm da Golan waɗanda SPI ya fitar a 1975, da Suez '73 na 1981, duk sun yi karo da wannan matsala. John Hill ya shahara da ra'ayin cewa aikin mai tsara wasa shi ne ya sa ɗan wasa ya ji abin da kwamanda ya ji, ko da ta hanyar doka mai sauƙi ce, maimakon ya lissafa kowane harsashi. Shi ne daga baya ya tsara Squad Leader, inda kowane saje da laftana yake da nasa ɗan kwalin, kuma rukunin da ya rasa jagoransa yakan kasa tashi.

A hankali aka karkata ga hanya ta uku, wato a bar sojan da ƙarfinsa, a ɗaure hannun mai ba shi umarni. A irin wannan tsari bataliyar Masar da ke cikin rami, ƙarƙashin inuwar makamai masu linzami, tana bin shirin da ta yi ta maimaitawa a atisaye, abin tsoro ce. Amma idan aka so ta sauya alƙibla a tsakiyar faɗa, sai an jira umarni ya sauko daga sama, kuma ba lallai ne ya iso a wannan zagayen ba. Kwamandan Isra'ila kuwa yana iya motsa rukunoninsa sau da yawa, ya haɗa wannan da wancan ba tare da ya nemi izini ba. Wasu wasannin sukan ƙara dokar siyasa, wadda ke tilasta wa mai riƙe da Masar ya kai farmaki idan Siriya ta shiga matsi, ko da ya san halaka ce.

Wasan Valley of Tears na 2023 yana cikin wani jerin wasanni da kowace bataliya ke da lambar ingancinta daban, kuma kafin kowace runduna ta motsa sai an gwada ko shirinta zai tafi daidai ko zai cukurkuɗe saboda cunkoson hanya, ko gajiya, ko yankewar kayan aiki. Amfanin wannan shi ne ana iya bambanta kwamandojin Siriya da suka ƙwace sansanin Dutsen Harmon a ranar farko da wani rukunin da bai sami horo sosai ba, maimakon a yi musu kuɗin goro.

Fagen Golan ma yana da nasa ƙulli. Siriya ta tara tankoki kimanin 1,400, Isra'ila kuma tana da kimanin 180 a tuddan lokacin da aka fara. Tankokin Siriya suna da na'urar gani da dare wadda na Isra'ila ba su da ita. Ranar 7 ga wata sun fasa kudancin layin, sun kai ƙofar sansanin Nafakh, wasu sun hango kwarin Kogin Jodan, sai suka dakata. Ɗan wasan da ya san tarihi ba zai taɓa dakatawa a nan ba, don haka sai an sa masa doka. Ko dokar ta ce man fetur da harsasai ne suka yi ƙaranci, ko umarni ake jira daga Dimashƙu, ko asara ce ta yi yawa, zaɓi ne da mai tsara wasan zai yi a kan batun da masana ba su gama muhawara a kansa ba.

Al'ada ce ko siyasa?

Bayan waɗannan dokoki akwai wata muhawara mai zafi. A 1999 wani tsohon kanar na Amurka da ya horar da sojojin Larabawa, Norvell De Atkine, ya rubuta wata maƙala da ta yi tashe, inda ya ɗora laifin a kan ɓoye bayanai tsakanin hafsoshi, da wulaƙanta kurata, da rashin ƙwararrun saje-saje masu iko.

Kenneth Pollack, tsohon mai nazari a hukumar leƙen asiri ta CIA, ya faɗaɗa batun a littafinsa Arabs at War na 2002 da kuma Armies of Sand na 2019. Abin lura shi ne ya wanke sojan Larabawa daga zargin ragwanci, ya ce sau da yawa sun yi bajinta wajen kare wuri da jigilar kayan yaƙi, kuma janar-janar ɗinsu akwai nagari akwai baragurbi kamar na ko'ina. Inda ya ga rauni shi ne ƙananan hafsoshi, waɗanda ya ce ba sa yanke shawara da kansu, kuma suna gudun kai wa na sama mummunan labari. Ya danganta hakan da al'ada da tsarin tarbiyya da karatu.

Wasu masanan ba su gamsu ba. James Quinlivan da Caitlin Talmadge sun nuna cewa shugaban da ya fi tsoron juyin mulki a kan abokin gaba na waje, da gangan yake raunana rundunarsa: yana ƙara girma bisa biyayya, yana hana rukunoni yin atisaye tare, yana sa kowane umarni ya bi ta fadarsa. Talmadge ta sami wannan cuta a rundunar Kudancin Biyetnam, wadda ba ta haɗa komai da Larabawa ba. Ta kuma nuna cewa da Saddam Husaini ya ga Iran na neman cin ƙarfinsa bayan faɗuwar Faw a 1986, ya sassauta wa ƙwararrun hafsoshi, kuma a watan Afrilun 1988 Iraki ta ƙwato Faw cikin ƙasa da kwana biyu.

Tarihin Masar da Siriya yana ƙarfafa wannan ra'ayi. Kafin 1967 Fil Mashal Abdulhakim Amir ya mayar da rundunar Masar tamkar masarautarsa, shi kansa Shugaba Nasir bai da cikakken iko a kanta, ga dubban sojoji sun maƙale a yaƙin Yaman. Umarnin janyewa na gaggawa da Amir ya bayar ranar 6 ga watan Yuni, ba tare da wani tsari ba, shi ya mayar da shan kashi zuwa rugujewa, alhali rukunoni da dama ba su ma gwabza ba tukuna. A Siriya kuwa juyin mulkin 1963 da na 1966 sun yi awon gaba da ɗaruruwan hafsoshi. Bayan 1967 Masar ta kori hafsoshi masu yawa, ta shigar da waɗanda suka gama jami'a aikin soja. Al'adar Misirawa dai ba ta sauya cikin shekaru shida ba.

Masu ra'ayin Pollack sukan kafa hujja da yaƙin Chadi da Libiya na 1987, lokacin da dakarun Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous, a cikin motoci ƙirar Toyota masu ɗauke da makamai masu linzami samfurin Milan, suka tarwatsa sansanonin Libiya a Fada da Wadi Dum. Sun ce wannan ya nuna talauci ko ƙarancin boko ba su ne dalili ba, tun da Libiya ta fi Chadi arziki da makamai. Ɗaya ɓangaren kuma sai su amsa cewa da wuya a sami shugaban da ya kai Kanar Gaddafi zargin rundunarsa da karya ta.

Ga mai tsara wasa bambancin yana da girma. Idan al'ada ce, lamba ɗaya ta isa daga 1948 har zuwa 1991. Idan siyasa ce da horo, to dole kowace ƙasa, kowace shekara, har kowane rukuni ya sami tasa, kamar yadda rundunar Jodan ta 1948 da ta riƙe Latrun ƙarƙashin Habis al-Majali ta sha bamban da sauran rundunonin da suka shiga wancan yaƙi. A ganin mai wannan rubutu hanya ta biyu ce ta fi dacewa da abin da ya auku, ko da yake ta fi wahalar aiki.

Akwai kuma batun madogara. Masu tsara wasannin shekarun 1970 Amurkawa ne, kuma abin da ke hannunsu galibi labarin Isra'ila ne, kamar littafin Chaim Herzog na 1975. Littafin Shazli bai fito da Turanci ba sai 1980, na Janar Gamasi kuwa sai 1993. Shi ya sa a tsofaffin wasanni za ka tarar an san sunan kowace bataliyar Isra'ila da kwamandanta, ɗaya ɓangaren kuwa lambobi ne kawai.

Wa ya ci wasa?

Kowane wasa yana da sharaɗin nasara, kuma nan ma akwai hukunci. Idan aka auna 1973 da yawan ƙasar da aka kama da tankokin da aka ƙona, Isra'ila ce ta yi rinjaye. Amma Sadat bai shiga yaƙin domin ya ƙwato Sinai da bakin bindiga ba. Burinsa shi ne ya kafa ƙafa a gabashin mashigin, ya girgiza Isra'ila da Amurka har a dawo teburin shawara. An ƙulla yarjejeniyar Camp David a 1978, ta zaman lafiya a 1979, kuma Isra'ila ta kammala janyewa daga Sinai a 1982, ban da Taba da aka mayar a 1989.

A Isra'ila kuwa hukumar binciken Agranat ta sa babban hafsan hafsoshi David Elazar ya rasa muƙaminsa, Firayim Minista Golda Meir ta yi murabus a 1974. Cikin abubuwan da suka jefa ƙasar a wannan hali har da rainin da hafsoshinta suka yi wa sojan Masar bayan 1967. Su ma, a nasu lissafin, ƙaramar lamba suka rubuta masa.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen. A 1990 an yi ta kiran rundunar Iraki ta huɗu mafi girma a duniya, ana hasashen Amurka za ta yi asarar dubban sojoji, sai ga shi yaƙin ƙasa na 1991 bai wuce sa'o'i 100 ba. An ruwaito cewa a ranar da Iraki ta mamaye Kuwaiti jami'an ma'aikatar tsaron Amurka sun nemi Mark Herman, wanda ya tsara wasan Gulf Strike a 1983, ya yi amfani da wasan nasa domin hasashen yadda al'amura za su kasance. Wannan na nuna cewa lambobin da ke jikin kwali ba a ɗakin wasa kaɗai suke tsayawa ba.

Zamanin dawaki da takubba

Wasannin da suka koma ƙarnonin baya kaɗan ne idan aka kwatanta, kuma a cikinsu hoton yakan juye. Wani kamfanin Kanada ya fitar da wasan Jihad! a 1981 a kan shekaru ɗari na farkon yaɗuwar daular Musulunci, daga 632 zuwa 732. A nan tambayar ita ce yadda rundunonin da ba su kai Rumawa da Farisa yawa ko kayan yaƙi ba suka yi galaba a Yarmuk da Ƙadisiyya. Mai tsara wasa yakan nemi amsar a saurin tafiya cikin hamada, da haɗin kai, da kwamandoji irin su Khalid bin Walid, Allah Ya ƙara masa yarda. Wahalarsa ita ce adadin mayaƙan da littattafan tarihi suka kawo ya sha bamban ƙwarai daga wannan marubuci zuwa wancan.

A wasannin wannan zamani shugabanci ya fi sauƙin nunawa, domin kwamanda mutum ne guda a kan doki, ana ganinsa a taswira, kuma umarninsa yana kaiwa iyakar inda manzo zai kai. A Crusader Rex na 2005 mahaya masu kwari da baka na Salahuddin al-Ayyubi suna iya harbi su janye, jarumawan Turai masu sulke kuma suna da sukuwa mai ƙarfi amma mai haɗari, wato dabarun da suka yi karo a Hiɗɗin a 1187 da Arsuf a 1191. Wasan Almoravid na 2022 kuwa ya fi mai da hankali ga yadda sarakunan Andalus da Yusuf bin Tashfin suke tara runduna, su ciyar da ita, su riƙe ta kafin wa'adin hidimar kowane basarake ya ƙare, a shekarun 1085 da 1086.

Ko a nan sai an yi hattara da suna. Salahuddin Bakurde ne, mafi yawan mahayansa Turkawa ne da Kurdawa, Yusuf bin Tashfin kuma ɗan Berber ne na ƙabilar Sanhaja daga yammacin Sahara, ko da yake akwatunan wasanni da masu sharhi a kansu sukan haɗa su duka a ƙarƙashin sunan Larabawa.